Kyautar Kirsimeti: ibada muke yi ko bashi muke ƙulla wa juna?

Saratu:
Salama gare ku iyayena da 'yan'uwa. Ina da tambaya, kuma don Allah a ba ni amsa ta tsakani da Allah. Da zarar Disamba ta kama sai lissafi ya tashi. Wance ta ba ni bara, dole in ba ta bana. Wane ya kawo abu mai tsada, in na kai masa mai araha zai ce na raina shi. Kafin 25 ga wata ta zo mutum ya gaji, aljihu ya bushe, zuciya ba sauran wurin murna. To ina ibadar take a nan? Kullum ana ce mana koyi muke yi da Allah da ya ba da Ɗansa. Amma ai Allah bai ba mu Yesu don mun ba shi wani abu bara ba. Ni dai abin ya fi yi mini kama da biyan bashi.

Dauda:
Yaya Saratu, kin faɗi abin da ke raina. Ciniki ne kawai aka naɗe shi da takarda mai ƙyalli. A nuna mini aya ɗaya da ta ce a yi bikin haihuwar Yesu, balle a yi musayar kaya. Babu. 'Yan kasuwa ne ke cin ribar, mu kuma mu shiga Janairu da ciwon kai. In da ta ni ne, a daina gaba ɗaya.

Malam Ishaya:
Dauda, ba kai ne farkon mai wannan ra'ayi ba. A shekarar 1659 hukumar Massachusetts, a ƙasar da ta zama Amurka daga baya, ta kafa doka cewa duk wanda aka kama yana bikin Kirsimeti sai ya biya tara. Kiristoci ne masu tsantseni suka kafa ta, hujjarsu kuma irin taka ce, wato ba a umarta ba. Dokar ta kai 1681 kafin a soke ta. Gaskiyarka ce kuma, Bishara ba ta faɗi ranar haihuwar ba. Shaida mafi daɗewa da ake da ita ta yin bikin ranar 25 ga Disamba daga Roma ta fito, shekarar 336. Su Romawa da ma suna da bikinsu na Saturnaliya da ke farawa 17 ga Disamba, suna ba juna 'yan kyaututtuka a cikinsa tun kafin bishara ta kai musu. Saboda haka musayar kaya a ƙarshen shekara ta girmi Kirsimeti.

Amma akwai wata jijiya dabam da ta fito daga cikin ikilisiya. Nikolas, bishop na Mira a ƙasar Turkiyya ta yau, ya rayu a ƙarni na 4. Labarin da aka gada a kansa shi ne wani uba ya talauce, yana da 'ya'ya mata uku, ba shi da abin aurar da su. Nikolas ya riƙa zuwa da dare yana jefa ƙunshin zinariya ta taga don kada a san shi ne. Ranar tunawa da shi 6 ga Disamba ce, kuma daga shi ne aka samo mutumin nan mai jan kaya da farin gemu da ake ce wa Santa. Ku dubi yadda abu ya juye: wanda ya ɓuya da dare don kada a gan shi, yau shi ne fuskar talla.

Mama Rifkatu:
Malam, mun gode da tarihi, Allah ya ƙara sani. Amma yarinyar nan zuciyarta ce ke ciwo, ba ta tambayi shekara ba.

Malam Ishaya:
Haka ne Mama, na karɓa. Na bar wa manya.

Baba Yohanna:
'Yata Saratu, ki buɗe Matiyu sura 2 ki karanta aya ta 11 a hankali. Ki lura da yadda abin ya jeru. Masanan nan da suka zo daga gabas sun shiga gidan, suka ga yaron da uwarsa Maryamu, suka faɗi ƙasa suka yi masa sujada. Bayan sujadar ne suka buɗe taskarsu. Gwiwa ce ta fara taɓa ƙasa kafin hannu ya shiga jaka. Mu kuwa mun juya abin, jaka muke farawa da ita, in lokaci ya ragu sai a yi sujada.

Abu na biyu, wa suka ba? Yaro ƙarami da ko na gode ba lallai ya iya ce musu ba. Ba wanda ya rubuta cewa Yusufu ya raka su da wani abu. Aka gargaɗe su a mafarki kada su koma wurin Hirudus, suka bi wata hanya zuwa ƙasarsu, daga nan ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba. Sun ba da abin da ba zai taɓa dawo musu ba. In kina neman inda ibada take a cikin kyauta, ni a nan nake ganinta.

Hannatu:
Baba, sarakunan nan uku kuwa me ya sa suka zaɓi waɗannan abubuwa? Zinariya na gane. Amma lubban da mur, me jariri zai yi da su?

Malam Ishaya:
Mama ta yi haƙuri, zan sake sa baki kaɗan. Matiyu bai ce su uku ne ba, bai kuma kira su sarakuna ba. Kyautar ce iri uku, sai mutane suka ƙirga masu kawowa da yawan kayan. Maganar sarauta kuma daga Zabura 72 da Ishaya 60 aka ɗauko ta daga baya. Lubban ƙaro ne da ake samu in an tsaga bawon wata bishiya da ke fitowa a kudancin ƙasar Larabawa da Somaliya, a bar shi ya daskare. Yana cikin haɗin turaren da Allah ya umarci Musa a Fitowa 30. Mur ma ƙaro ne, mai ɗaci. Tun ƙarni na 2, Ireniyus bishop na Liyon ya fassara su da cewa zinariya ta sarki ce, lubban na Allah ne, mur kuwa na wanda zai mutu ne. In kin duba Yahaya 19, Nikodimu ya kawo mur haɗe da al'ul don shirya gawar Yesu. Wato an kawo wa jariri kayan jana'izarsa tun yana hannun uwa.

Dauda:
To ai waɗannan masu hali ne, Malam. Mai zinariya ya ba da zinariya. Wanda albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata fa? Shi ake sa wa ido fiye da kowa.

Fasto Bulus:
Dauda, a cikin labarin haihuwar nan akwai baiko na biyu da ba a cika wa'azi a kansa ba. Luka 2:24. Da Yusufu da Maryamu suka kai yaron Haikali, abin da suka miƙa kurciyoyi biyu ne ko 'yan tattabarai biyu. Je ka Littafin Firistoci 12:8, za ka ga wannan sassauci ne da Shari'a ta yi wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Uwar Mai Ceto ta tsaya a layin talakawa, ta ba da na talakawa, ba ta je ta ci bashin rago don kada a raina ta ba. Luka kuma ya rubuta shi ba kunya.

Manzo Bulus ma da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima ya faɗa wa Korintiyawa a fili, a wasiƙa ta biyu sura 8, cewa ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba. Ya ƙara da cewa ba nufinsa a sauƙaƙa wa wasu a ƙuntata muku ba. Saboda haka ni ban ga inda cin bashi don a yi kyautar Kirsimeti ya zama ibada ba. Karin Magana 22:7 ta ce mai cin bashi bawan mai ba da bashi ne. Bikin wanda ya zo 'yantarwa bai kamata ya bar mutum cikin bauta ba.

Istifanus:
Ranka ya daɗe Fasto, ina da ja kaɗan. In kowa zai ba da daidai ƙarfinsa kawai, ina sadaukarwa? Gwauruwar nan ta Markus 12 anini biyu gare ta, ta zuba duka, Yesu ya ce ta fi kowa. Sarki Dawuda ma ya ƙi karɓar masussukar Arauna kyauta, ya ce ba zai miƙa wa Ubangiji abin da bai biya komai a kansa ba. Kyautar da ba ta taɓa ka ba, anya kyauta ce?

Mama Rifkatu:
Ɗana Istifanus, da wannan gwauruwa aka daɗe ana tatsar mata irina. Ka koma baya aya ɗaya tak daga inda labarin ya fara. A aya ta 40 Yesu yana la'antar malaman Attaura da ke cinye gidajen gwauraye suna doguwar addu'a don ganin ido. Yana rufe baki sai ga gwauruwa ta zo ta zuba abincin bakinta. Ya yabi zuciyarta, ban musa ba. Amma ban ga inda ya ce wa almajirai ku je ku karɓo na sauran ba. Ita ta ga dama ta bayar. In wani ne ya tsaya a kanta ya ce kawo, sunan abin ya canja.

Istifanus:
Mama, ban ce a tilasta wa kowa ba. Cewa na yi mu masu ɗan hali mun iya fakewa da “daidai ƙarfi” alhali ko gezau ba mu ji ba.

Mama Rifkatu:
To wannan na yarda. Ka faɗa wa masu hali, ka ƙyale gwauraye.

Hannatu:
Tunda an zo kan gwauraye, bari in faɗi abin da na gani da idona a wani rabon kayan Kirsimeti. An kira wata tsohuwa gaba, aka ɗora mata ƙunshi a hannu. Mai ɗaukar hoto ya ce bai fita ba, a sake. Aka karɓe ƙunshin daga hannunta, aka sake miƙa mata, aka ce ta ɗago kai ta yi murmushi. Ta ɗago, amma idonta na ƙasa, yatsunta na ta murza bakin ledar. Kafin yamma hoton ya zaga Facebook da sunan waɗanda suka bayar a ƙasa. Ta samu kaya, amma ni gani na yi ta biya da mutuncinta. Ina Matiyu 6:3, kada hagunka ya san abin da damanka ke yi?

Istifanus:
'Yar'uwa, abin da aka yi wa tsohuwar nan bai kyautu ba. Amma kada mu yi jifa da hoto gaba ɗaya. In mutane suka tara kuɗi suka damƙa maka, dole su ga inda ya tafi. Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka ta, don kada wani ya sami abin zargi. Kuma shi ne ya riƙa ba Korintiyawa labarin yadda mutanen Makidoniya suka bayar cikin tsananin talaucinsu, don ya zaburar da su. Ashe ba kowace sanarwa ce fahariya ba.

Hannatu:
Labarin masu bayarwa ya ba da, Yaya, bai jera matalautan Urushalima a gaban jama'a ba. A ɗauki hoton kayan, a nuna rasit, a karanta lissafi. Fuskar mai karɓa ba rasit ba ce.

Saratu:
Na ƙaru sosai, amma har yanzu tambayata na nan. Ba a kan marayu da gwauraye nake magana ba, wannan a fili yake. Ina magana a kan 'yan'uwa da abokai da surukai, waɗanda na san za su rama. Luka 14 ta ce in za ka yi biki kada ka kira abokanka da danginka da maƙwabta masu arziki don kada su rama maka. Ke nan duk kyautar da nake ba dangi ba ta da lada?

Baba Yohanna:
A'a 'yata, kada ki kai shi can. Yesu ya ci abinci a gidan abokansa a Betanya, ya je bikin aure a Kana. Zumunci ba zunubi ba ne. Ki duba Esta 9:22, da aka kafa idin Furim na Yahudawa an ce a riƙa aika wa juna rabo, a kuma ba matalauta kyauta. Biyun aka haɗa a aya ɗaya. Nehemiya 8:10 ma haka, ku ci ku sha, ku aika wa wanda bai shirya komai ba. Abin da Luka 14 ke tonawa shi ne da'irar da ta rufe, kaya na zagayawa tsakanin mutum goma masu hali, shekara da shekaru, ba ya taɓa tsallakawa waje. Ki ba danginki da farin ciki. Sai dai ki duba jerin sunayenki, in babu ko mutum ɗaya a ciki da ba zai iya rama miki ba, jerin bai cika ba.

Mama Rifkatu:
Baba ya yi magana, amma bari in taɓa inda ba wanda ya taɓa. Saratu, na sake karanta abin da kika rubuta da farko. Ba bayarwa ce ke ba ki wahala ba, 'yata. Karɓa ce. “Wance ta ba ni, dole in ba ta.” Wa ya ce dole? Ba ki iya barin alherin wani ya kwana a gidanki ba sai kin yi sauri kin biya, don kada a ce wani ya fi ki.

Na san wannan ciwon. Shekarar da maigidana ya rasu, Kirsimeti ta zo ba ni da abin ba kowa. Mutane suka yi ta shigowa da kaya, ni kuwa kowane ƙunshi aka ajiye sai in ji kamar an ɗora mini dutse. Wata ƙawata ta lura. Ta kama hannuna ta ce, Rifkatu, shekara nawa kina ba mu, yau ki bar mu mu ma mu sami albarka. Sai a ranar na ga cewa mai ƙin karɓa rowa yake yi, yana hana ɗan'uwansa bayarwa, abin da Ubangiji ya ce ya fi albarka.

Ku tuna Bitrus a Yahaya 13. Yesu ya ɗaura tawul zai wanke masa ƙafa, ya ce faufau, ba za ka taɓa wanke ƙafata ba. A ido kamar tawali'u ne. Yesu ya ce masa in ban wanke ka ba, ba ka da rabo da ni. Kirsimeti gaba ɗayanta ranar karɓa ce. Makiyayan nan da suka ruga Baitalami da dare, Luka bai ce sun riƙe komai a hannu ba. Sun je, sun gani, sun koma suna yabon Allah. Wanda bai iya karɓar ƙaramin abu daga hannun maƙwabci ya ce na gode ya yi shiru ba, yaya zai yi da kyautar da ba ta ramuwa har abada?

Fasto Bulus:
Mama, kin yi mini wa'azin da zan yi ranar Lahadi. Shi ya sa Bulus bayan surori biyu cur yana maganar tara kuɗi bai rufe da yabon masu bayarwa ba. Ya rufe da godiya ga Allah saboda baiwarsa da ta fi gaban a faɗa, 2 Korintiyawa 9:15.

Dauda:
Mama, a rubuce yana da daɗi. Amma ki karɓi kyautar suruka ki ce na gode kawai, ki ga abin da zai biyo baya. Har jikoki sai sun ji labari.

Mama Rifkatu:
Su ji mana, ɗana. Magana ba ta fasa ƙashi. Kuma ban ce ka zama mai hannu ɗaya ba, kullum karɓa. Yaba kyauta tukwici, ka je har gida ka yi godiya, ka zauna ka tambayi lafiyarta. In ka tashi yi mata alheri ka yi a watan da ba ta zata ba, lokacin da take da bukata, ba washegari kamar mai mayar da canji ba.

Hannatu:
Dauda, ni inda na rabu da kai shi ne maganar a daina gaba ɗaya. Da matar nan ta fasa tulun man nardi, man ƙanshi mai tsada, a kan Yesu, waɗanda ke wurin sun yi lissafi nan take, ya fi dinari 300, kusan ladan shekara guda na lebura tunda dinari ɗaya ake biyan yini. Suka ce ɓarna ce, da an sayar an ba matalauta. Lissafinsu daidai ne, amma Yesu ya ce a ƙyale ta, abu mai kyau ta yi. Akwai kyautar da ba ta da wani amfani sai dai ta ce wa mutum na san ka, na san abin da kake so. Ƙanena ya taɓa gyara mini tsohon Littafi Mai Tsarki na mahaifiyarmu da bangonsa ya rabu, ya ɗinke shi da zare, rubutun hannunta na nan a gefen shafuka. Ba na jin akwai kanti da ke sayar da wannan.

Dauda:
Wannan dabam ne, Yaya Hannatu. Irin wannan ko ni zan karɓa. Abin da nake ƙi shi ne a shiga kanti ranar 24 a kwaso duk abin da hannu ya taɓa don kawai kada a zo hannu wofi.

Fasto Bulus:
To ashe ba ku yi nisa da juna ba. Saratu, ƙari ɗaya daga gare ni. Matiyu 5:23 da 24 ta ce in kana miƙa baiko ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana da kai, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Sau da yawa kyauta mai tsada da ke yawo tsakanin dangi tana rufe maganar da aka ƙi yi ne. A aika kaya don kada a je da ƙafa. In akwai irin wannan a jerinki, fara da shi.

Saratu:
Akwai, ranka ya daɗe, har biyu. Mama, in na kira waɗanda muka saba musaya na ce bana kada mu wahalar da juna, mu haɗa abin mu kai wa wanda ba shi da shi, ba za a ɗauka rowa ce ta sa ni ba?

Mama Rifkatu:
Wasu za su ɗauka. Wasu kuma za su yi ajiyar zuciya, don su ma lissafin nan ne ya hana su barci, kowa na jiran wani ya fara. Ki kira su tun yanzu kafin su saya. Amma ki cire yara da tsofaffi daga wannan yarjejeniya, su a ba su abinsu.

Istifanus:
Yaya Hannatu, maganar hoton nan ba mu gama ba. Rabonmu na bana ranar 26 ne, ranar tunawa da mai sunana, wanda yana cikin mutum bakwai da aka zaɓa a Ayyukan Manzanni 6 don rabon gwauraye. In ba za a ɗauki fuska ba, sai ki zo ki riƙe mana littafin lissafi, don masu ba da kuɗin za su tambaya.

Hannatu:
Zan zo. Amma a kai wa kowa gida, ba kiran suna a gaban jama'a.

Istifanus:
Gida-gida zai ci yini biyu, kuma masu abin hawa a cikinmu ba su da yawa. Dauda, kana da hannu ranar?

Dauda:
Ra'ayina a kan kanti na nan yadda yake. Amma ku sa sunana, zan zo da safe.